Wane ne I.A.L. Diamond, kuma me ya sa sunansa ke manne da na Billy Wilder?

Almajirin Rubutu ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga waɗanda suka san tsofaffin finafinan Amurka ce. A finafinan barkwanci na mai ba da umarni Billy Wilder daga 1957 zuwa sama, in aka zo wajen marubuta sai a ga sunaye biyu, nasa da na wani I.A.L. Diamond. Shi Wilder sananne ne, hirarrakinsa sun cika intanet. Na biyun fa? Abokin aiki ne na gaske, ko kuwa mai buga tafireta ne aka sa sunansa don kara?

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda ake zama a rubuta barkwanci a takarda, bayan watanni ya ba ɗaruruwan mutane dariya a gidan sinima. A nan wajenmu sau da yawa ɗan wasa ne ke ƙirƙiro abin dariyar a gaban kyamara, marubuci ya ba da ƙashin labari kawai. Ina neman bayani dalla-dalla kan yadda su suke yi.

Baban Hanifa ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Cire batun kara a ranka, a Hollywood ba a ba da suna kyauta.

An haifi Diamond ranar 27 ga Yuni, 1920, a garin Ungheni, wanda a lokacin yake ƙarƙashin Romaniya, yau kuma yana kan iyakar Moldoba. Sunansa na yanka Itek Domnici, daga gidan Yahudawa. Yana ɗan shekara tara iyalinsu suka yi ƙaura zuwa Brooklyn a New York. A sakandare da lissafi aka san shi, yana cin gasar makarantu, har ana danganta haruffan nan uku na sunansa da waccan gasa. Abokansa dai Iz suke ce masa. A Jami'ar Columbia ya juya zuwa rubutu: ya riƙa rubutu a jaridar ɗalibai, kuma shi ya rubuta wasan kwaikwayon shekara-shekara na ɗalibai har sau huɗu a jere. Wannan ne ya sa kamfanin Paramount ya ɗauke shi da ya gama a 1941.

Kafin ka gane shekarunsa goma sha biyar na farko, sai ka san tsarin aikin lokacin. Marubuci ma'aikaci ne mai albashin mako. Yana da ofis a harabar kamfani, furodusa ne ke ba shi aiki, kuma duk abin da ya rubuta mallakin kamfani ne tun daga harafin farko. Kwantiragin yana da matakai, in mataki ya cika kamfani ne ke da zaɓin ya ci gaba da kai ko ya sallame ka. Labari ɗaya yakan bi ta hannun mutum uku ko biyar: wani ya tsara ƙashin, wani ya rubuta hirar, wani a kira shi na mako biyu ya ƙara gishiri. Mutum zai iya shekara yana karɓar albashi sunansa bai fito a allo ba. Haka ta faru da Diamond a Paramount. Sai a 1944 ya ga sunansa a wani ƙaramin fim na Universal, Murder in the Blue Room.

Daga nan ya yi Warner Bros., inda ya sa hannu a irin su Never Say Goodbye na 1946 da The Girl from Jones Beach na 1949, sannan Fox, inda ya rubuta Love Nest a 1951, kuma sunansa ya fito tare da na Ben Hecht da Charles Lederer a Monkey Business na 1952, wanda Howard Hawks ya ba da umarni. Aiki ne mai tsafta, amma da a nan ya tsaya da yau ba ma wannan hirar.

Shi kuma Wilder ya shigo Amurka a 1934 yana gudun mulkin Hitler, Turancinsa kaɗan ne, kuma har ya mutu bai saba rubutu shi kaɗai ba. Ya yi shekaru da Charles Brackett, suka rabu bayan Sunset Boulevard a 1950, ya yi ta sauya abokan rubutu. Gajerun wasannin dariya da Diamond ya rubuta wa liyafar ƙungiyar marubuta su suka ja hankalinsa. Suka fara da Love in the Afternoon a 1957, suka ƙare da Buddy Buddy a 1981. Fim goma sha biyu cikin shekara 24. Sau uku ana sa su a takarar Oscar ta rubutu, suka ci da The Apartment na 1960. Diamond ya rasu ranar 21 ga Afrilu, 1988, a Beverly Hills, sanadin sankarar ɓargo. Wilder ya rayu har 2002, amma bai sake yin fim ba bayan na ƙarshen nan nasu.

Hajiya Mai Littafi ta rubuta:

Baban Hanifa ya gama da tarihi, bari in ɗauki rabin tambayar na biyu, don a nan amfanin yake.

Zaman ofis suke yi kamar ma'aikatan banki, daga safe zuwa yamma. Wilder yana kai da komo, Diamond yana zaune gaban tafireta. Makonnin farko ba a rubuta hira ko layi ɗaya. Gini ake yi: wane ne wannan mutum, me yake so, me ya tsare masa hanya, me zai faru a ƙarshen kashi na biyu da zai tilasta kashi na uku. Sai ginin ya tsaya ake shiga fitowa ɗaya bayan ɗaya, ana furta kowace jimla da baki kafin a buga ta. Ƙiyasin sana'ar shi ne shafi ɗaya minti ɗaya, don haka fim na awa biyu kusan shafi 120 ne, kodayake barkwanci mai saurin magana yakan ci takarda fiye da haka. Sau da yawa suna fara ɗaukar fim ƙarshen rubutun bai kammala ba, don su ga yadda 'yan wasan suka zauna a rawarsu. Amma abin da aka riga aka buga ba a taɓa shi. Diamond yana zama a wajen ɗauka da rubutun a cinyarsa, in ɗan wasa ya sauya kalma a sake. Shi ya sa daga Some Like It Hot za ka ga an rubuta shi mataimakin furodusa ma.

Ɗauki Some Like It Hot na 1959. Asalin dabarar daga wani fim ɗin Jamus ne na 1951, wanda shi ma daga na Faransa na 1935 aka ɗauko: makaɗa biyu da ba su da aiki sun yi shigar mata sun shiga ƙungiyar makaɗa mata. Raunin wannan shi ne, in yunwa ce kawai ta sa namiji ɓad da kama, ranar da ya ƙoshi ko ya ga macen da yake so zai tuɓe, labari ya mutu. Sai suka mayar da labarin Chicago ta 1929, zamanin da aka haramta giya a Amurka, suka sa makaɗan suka ga kisan gilla a gareji da idonsu, kwatankwacin wanda aka yi da gaske ranar 14 ga Fabrairun shekarar, aka kashe mutum bakwai. Yanzu tuɓe rigar mutuwa ce. Duk dariyar da ta biyo baya a kan wannan tsoron take zaune. Mayar da labarin shekara talatin baya ya yi wani amfanin kuma, wanda Diamond ne ya lura da shi: in tufafin kowa baƙo ne a idon mai kallo, namiji cikin rigar mata ba ya fita daban sosai. An ɗauke shi a baƙi da fari saboda kwalliyar fuskar mazan biyu ta yi muni a gwajin kala.

Jimlar rufewa ma ta Diamond ce, kuma Wilder ya sha faɗar haka. Attajirin dattijo ya nace sai ya auri ɗaya daga cikin makaɗan. Shi kuma yana jero dalilan da aure ba zai yiwu ba, daga ƙanana zuwa manya, dattijon yana ture kowanne. A ƙarshe ya fizge hular gashin ya ce shi namiji ne, dattijon ko gezau, ya amsa da abin da a Hausa za mu ce ɗan'adam tara yake bai cika goma ba. Na wucin gadi suka ajiye ta kafin su sami wadda ta fi ta, ba su samu ba. Lura da cewa ita kanta jimlar ba abin dariya ba ce. Matakalar dalilan da aka gina a gabanta ce ta ɗaga ta.

A ganina The Apartment ne ya fi nuna hannun ɗan lissafi. Ƙaramin ma'aikacin kamfanin inshora, Baxter, yana ara wa manyansa makullin ɗakinsa suna kai matan banza, shi kuma yana samun ƙarin girma. Fim ne a kan yadda mutum ke sayar da mutuncinsa kaɗan-kaɗan, kuma bai ƙawata abin ba. Dubi yadda suke shuka abu su girbe shi. Baxter ya tsinci ɗan madubin hoda mai tsagewa a ɗakinsa, ya mayar wa maigidansa Sheldrake. Can a walimar Kirsimeti ta ofis ya sa sabuwar hula yana tambayar Fran, yarinyar da ke aikin lifta wadda yake so a ɓoye, ko ta yi masa kyau. Ta miƙa masa madubinta ya duba. Ya ga tsagewar. Ba wanda ya yi bayani, amma shi da mai kallo sun gane a daƙiƙa ɗaya wacece ake kaiwa ɗakinsa. Marubuci mai ƙaramin ƙarfi zai ci shafi uku na kuka da tuhuma a wannan wuri.

Makulli ma haka. Tun farkon fim wani manaja ya yi kuskure ya mayar masa da makullin banɗakin manya maimakon na ɗakinsa, aka yi dariya aka wuce. A ƙarshe Sheldrake ya sake neman makullin ɗaki, Baxter ya ajiye masa makulli, sai ga shi na banɗakin manya ne: ajiye aiki ke nan. Bindiga ita ce ta uku. Baxter ya ba Fran labarin yadda ya taɓa yunƙurin kashe kansa ya harbi gwiwarsa, an ga bindigar yana haɗa kaya, don haka da ta taho a guje daren sabuwar shekara ta ji ƙara daga ɗakinsa, zuciyar kowa ta tsinke, alhali murfin kwalba ne ya tashi. Ka'idar ita ce a fara nuna abu a wurin da yake da wani aikin na daban, don kada mai kallo ya gane shuka ake yi.

Almajirin Rubutu ya rubuta:

Hajiya, Allah Ya ƙara basira. Saura abu ɗaya. A dandamali ɗan wasa yana jin dariyar jama'a, sai ya dakata ta lafa. A fim ba ya jin kowa. Yaya suke hana dariyar farko ta danne magana ta biyu?

Hajiya Mai Littafi ta rubuta:

A rubuce ake barin gurbin, amma ba a barinsa fanko. A Some Like It Hot akwai fitowar da Jack Lemmon, wanda ya fito a ɗaya daga cikin makaɗan, yake kwance a gado yana gaya wa abokinsa cewa an yi masa baiko da attajirin. Kusan kowace jimla a wurin tana tayar da dariya. Sai aka ba shi caki biyu a hannu, yana faɗin jimla ya kaɗa su yana rausaya, sannan ya faɗi ta gaba. Kaɗawar ita ce gurbin. In sinima ta cika, dariya ta cinye wurin. In mutum ɗaya ne ke kallo, yana ganin mai murna ne kawai, ba ya jin an tsaya jiransa. Kunna taba, zuba shayi, rufe ƙofa, duk suna yin wannan aikin.

Na biyu shi ne gwaji. Kafin a saki fim ana haska shi ba sanarwa a wata sinima, masu shi su zauna a baya suna auna inda aka yi dariya da tsawonta, a raba wa jama'a katin ra'ayi. Haskawar gwaji ta farko ta Some Like It Hot ba ta yi armashi ba, aka matsa wa Wilder ya yanke da yawa. Ɗan abu kaɗan ya cire, ya sake gwadawa a unguwar Westwood mai yawan ɗaliban jami'a, sinima ta kece. Kafin ka sa almakashi, ka tabbata ko laifin fim ne ko na waɗanda aka tara.

Na Damagaram ya rubuta:

Malamai, kun faɗi inda aka ci riba, a faɗi inda aka faɗi ma, don rabin finafinan nan goma sha biyu ba su yi kasuwa ba.

Tun na farkon akwai matsala. A Love in the Afternoon, Gary Cooper yana da shekara 56, Audrey Hepburn 28. Rubutun yana da daɗi, amma ido ya ƙi yarda da soyayyar.

One, Two, Three na 1961 lokaci ne ya ci amanarsa. James Cagney ya fito a shugaban reshen Coca-Cola a Berlin ta Yamma, ana tsokanar 'yan gurguzu da 'yan jari-hujja baki ɗaya, kuma a shafin farko marubutan sun gargaɗi kowa cewa da gudun motar tsere za a yi wasan. Suna cikin ɗauka aka fara gina katangar Berlin ranar 13 ga Agusta. Dole aka koma Munich aka gina kwaikwayon Ƙofar Brandenburg. Kafin fim ya fito an fara harbe masu tsallaka iyaka, ba mai sha'awar dariya a kan wurin. Sai da aka sake haska shi a Jamus ta Yamma a 1985 ya sami masoya.

Kiss Me, Stupid na 1964 ya fi ciwo. Da Peter Sellers aka fara, bayan makonni ciwon zuciya ya kwantar da shi, aka kawo Ray Walston aka sake ɗauka. Rawar miji ce mai mugun kishi da ya shirya makirci mai ƙazanta don a sayi waƙoƙinsa. Irin wannan rawa tana bukatar ɗan wasan da jama'a ke yafe masa tun kafin ya yi laifi. Ƙungiyar cocin Katolika mai sa ido kan finafinai ta yi Allah wadai da shi, kamfanin United Artists ya ƙi sa sunansa, ya fitar da shi ta wani ƙaramin reshensa. Ni dai ban ɗora laifin duka a kan sauyin ɗan wasa ba. A The Apartment an nuna abin da lalata ke jawowa, yarinya ta kusa mutuwa, likita maƙwabci ya faɗa wa Baxter ya zama mutum. A nan kuwa labarin ya bar kowa ya ci ribar abin da ya aikata, ma'aunin da ya riƙe wancan fim ɗin ya ɓace.

The Private Life of Sherlock Holmes na 1970 sun yi shekaru suna rubuta shi, aka ɗauki abin da ya haura awa uku, mai labarai da dama a ciki. Lokacin manyan finafinai masu tsawo suna ta faɗuwa, sai aka cire labarai sukutum aka bar kusan awa biyu. Rubutun da komai ke riƙe da komai ya fi kowanne jin zafin almakashi.

Sannan ƙasa ta motsa a ƙarƙashinsu. Dokar tace finafinai da aka tsaurara tun 1934 ita ta koya wa marubutan zamaninsu faɗin abu a kaikaice, mai kallo ya ƙarasa da kansa. A 1968 aka maye gurbinta da tsarin rarraba finafinai bisa shekarun mai kallo, aka sami damar faɗin komai ƙarara. Gwanintar zagaye ta rage daraja. Fedora na 1978 sai da kuɗin Jamus aka yi shi, Buddy Buddy kuma bai gamsar da masu suka ko masu kallo ba. A tsakani akwai na kirki: Irma la Douce na 1963 ya fi duk finafinansu kawo kuɗi, The Fortune Cookie na 1966 shi ya fara haɗa Lemmon da Walter Matthau, Matthau ya ci Oscar da shi.

Baban Hanifa ya rubuta:

Na Damagaram, na yarda da kai a kan Kiss Me, Stupid, amma zan ƙara abu biyu kan batun suna, tunda daga nan tambayar ta faro.

Marubuta sun kafa ƙungiyarsu a 1933, kuma babban abin da suka ƙwato daga kamfanoni a farkon shekarun 1940 shi ne ikon yanke hukunci kan sunan wa zai fito. In an yi gardama, ana tattara duk kwafin rubutun a ba wasu marubuta su karanta su auna gudummawar kowa. A ka'idarsu ta yanzu, alamar & tsakanin sunaye biyu na nufin tare suka zauna suka rubuta, kalmar "and" kuma na nufin ɗaya ya rubuta, wani ya zo daga baya ya gyara. Kada a auna tsofaffin finafinai da wannan, don a allunan wancan zamani ba a tsaya kan bambancin ba. Yajin aikin da suka yi daga Janairu zuwa Yunin 1960 shi ya kawo asusun fansho da na lafiya, da kaso daga kuɗin nuna sababbin finafinai a talabijin. Finafinan da Diamond ya rubuta a Warner da Fox ba su shiga wannan rabo ba.

Wanda ke son ya ji hannun Diamond ba tare da Wilder ba, ya nemi Cactus Flower na 1969, wanda ya juya daga wasan dandamali, Gene Saks ya ba da umarni, Goldie Hawn ta ci Oscar da shi. Sai ka haɗa shi da Sunset Boulevard, inda akwai Wilder babu Diamond, ka ga abin da kowanne ya rasa.

Ɗan'uwa mai tambaya, ga aikin gida. Kalli The Apartment sau biyu, na biyun da biro da takarda. Ja layi huɗu: madubi, makulli, bindiga, karta. Duk lokacin da ɗaya ya bayyana, rubuta mintin da kuma aikin da ya yi a wannan fitowar. Kartar ka fi sa mata ido, don wasan da Baxter da Fran suka fara tana jinya ba su gama ba, shi ne suka koma kansa a minti na ƙarshe.